Na Ga Inda Kake Tsayawa a Bakin Tukuba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake yanzu haka da nake rubutun nan kana tsakar gida kana wanke takalmanka, ina jin motsinka ta taga. Allah Ya sa ka buɗe takardar nan cikin ƙoshin lafiya, Ya kai jirginku Ngaundere lami lafiya, Ya haɗa ka da kawunka Isiyaku cikin alheri. Na ce wa innarka ta cusa ta can ƙarƙashin kayanka don kada ka gan ta sai jirgin ƙasa ya bar Yawunde. Na san halinka. In na zaunar da kai, sunkuyar da kai za ka yi kana "to Baba, to Baba" har in gaji, ni kuwa yanzu ba ni da numfashin doguwar magana.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ina zargin kana shan taba. Ban taɓa ganin ta a bakinka ba, kuma ba wanda ya kawo mini tsegumi, don haka kada ka tafi da ƙullin ƙannenka a rai. Tsayuwarka ce ta gaya mini.

Duk wanda ya tashi a gidan fawa ya san inda ake tsayawa a bakin tukuba in ana gasa tsire. Mutum ya duba inda iska take kaɗawa ya ba ta baya, hayaƙi ya yi gaba ya je ya kirawo masu saye. Tun kana ƙarami na koya maka wannan, kuma ka iya. To tun bayan ƙaramar Sallah sai na ga ka koma ɗaya gefen, inda hayaƙi yake dukan fuska, kana juya nama idanunka na zubar da ruwa. In iska ta juya, kai ma sai ka zagaya ka bi ta. Babu mahaucin da yake yin haka sai wanda yake so rigarsa ta sha warin kitse, don ta rufe wani warin kafin ya shiga gida. Na sani ne domin shekara ashirin da shida a wannan gefen na tsaya.

Sai kuma tsinke. Makon jiya ina share bayan rumfa na tsinci tsinken tsire guda uku, an tsaga kan kowanne, bakin tsagar ya yi baƙi. Na daɗe tsaye da su a hannu. Ni na ɗauka a duk unguwarmu ta Birketeri ni kaɗai na san dabarar nan, a maƙale karan sigari a tsagar tsinke don kada yatsu su rine su tona asiri. Ban san inda ka samo ta ba, amma ina tsoron a wurina ka gani, lokacin da nake zaton ba mai kallona. Ka tuna ranar Talata da na ce maka, "Abba, wa yake tsattsaga mana tsinke?" Ka ce, "Baba, ƙila masu saye ne, ni wallahi..." na ɗaga maka hannu na ce bar rantsuwa. Na ga ka saki ajiyar zuciya, ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Ban so ka haɗa taba da rantsuwar ƙarya a rana ɗaya ba ne.

In zargina bai tabbata ba, ka yafe wa tsohonka, ka karanta sauran a matsayin labari. In kuwa ya tabbata, to ka karanta a hankali, don ba ni da wani abin da zan ba ka na guzuri da ya fi shi.

Ni a mayankar Etudi na fara sha, ina da shekara ashirin da uku. Ka san sanyin wurin da sassafe in an kwana ana ruwa, ga warin tumbi, ga jiran likitan dabbobi ya zo ya buga wa nama hatimi. Akwai wani Bafillace mutumin Marwa da muke fiɗa tare, Bello, Allah Ya jiƙansa. Shi ya miƙo mini ya ce, "Ja ɗaya, Garba, sanyi yana gudu, wari ma yana gudu." Na ja, na yi tari har na durƙusa, aka yi ta mini dariya. Washegari don kada a sake dariyar na sake ja. Wannan shi ne dukkan dalilin, ba wata damuwa, ba wani baƙin ciki. Abin da ya fi cutar da ni kuwa shi ne a rayuwata ban taɓa sayen kwali ba. Na gaya wa kaina mashayi shi ne mai yawo da kwali a aljihu, ni kuwa kara ɗaya kawai nake karɓa a wurin mai tebur. Sai dai kara ɗayan nan nakan koma masa kafin azahar, in koma bayan azahar, in koma in wuta ta kama, in koma in ciniki ya yi sanyi, in koma in ciniki ya yi zafi. Har na tsufa ina kallon masu kwali ina tausaya musu. Saboda haka in ka ji zuciyarka tana cewa "ai ni ɗaya ne kawai", ka sani da wannan maganar aka kama ubanka.

Kuma ka buɗe ido ka dubi zamanin da muke ciki. Tun da aka zabge albashi, ma'aikatan da suke tsayawa da mota a naɗe musu nama a takarda sun koma karɓar ɗanɗano su ce za su dawo. Shinkafa ta tashi, mai ya tashi, magani sai wane da wane. A cikin wannan matsin, abu ɗaya tak na ga ana rabawa kyauta a bakin kasuwar Mokolo, 'yan mata sanye da huluna masu launi suna miƙa wa samari sigari, har su ƙyasta musu ashana da murmushi. Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma ban yarda da kyautar mutumin da bai taɓa ba ni ko mudun gari ba. A Ngaundere ma za ka tarar da irinsu, za ka kuma tarar da masu lodin shanu da suke kwana biyu uku suna jiran tarago ba aikin yi sai miƙa wa juna kara. Wanda ya fara miƙo maka, zai yi maka kama da wanda ya fi kowa son ka a wurin.

Kuskurena na biyu shi ne ɓoyo, kuma da shi nake taƙama. Kakanka Alhaji, wanda ka ci sunansa, har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini maganar ba, sai na ɗauka wayona ne ya yi aiki. Goro a baki, kanumfari a aljihu, tsayuwa a gefen hayaƙi, ga tsinkena. Sai bayan da na dawo daga asibiti, wanda zan ba ka labarinsa yanzu, na kira innarka ɗaki na ce, "Hajara, akwai abin da na daɗe ina ɓoye miki." Na yi ta kame-kame kafin in faɗa. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar waken da take yi ba, ta ce, "Malam, tun watan da aka kawo ni gidan nan na sani. Wa yake zazzage maka aljihu in za a yi wanki?" Na ce, "To me ya hana ki magana?" Ta ce, "Na ga kunya kake ji, sai na taya ka ɓoyewa. Alhaji ma ya sani, shi ya ce in ƙyale ka, za ka bari da kanka."

Abba, ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba, kuma ban ɓoye maka ba, na ji haushinsu su biyun. Kowa ya sani, kowa yana jin nauyina, ni kuma ina can bayan rumfa ina ƙona ƙirjina ina ganin na fi kowa dabara. Da a ce mutum ɗaya ya keta kunyar nan ya dube ni ido cikin ido tun ina saurayi, wataƙila da yau ba haka ba. Shi ya sa na keta ta a kanka. Na san ba a saba uba ya yi wa ɗan fari irin wannan maganar ba, kuma na san za ka ji kamar na tsiraita ka. Ka ji haushina, na yarda, amma ba zan taya ka ɓoyewa ba.

Da tari ya fara, kowa na zarga ban da abin da ke aljihuna. Na ce hayaƙin tukuba ne. Na ce sanyin daminar Yawunde ne. Da ya ƙi tafiya, ya zama kullum da asuba sai na yi ta kaki kafin in iya tayar da kabbara, sai zuciyata ta tafi kan Ɗanjuma, maƙwabcin rumfarmu. Lokacin ciniki ya faɗi, masu sayen da suka rage kaɗan ne, na ga kamar duk wajensa suke tsayawa. Na je wurin wani mai magani a bayan Mokolo, ya dube ni ya ce an yi mini jifa a ƙirji, kuma wanda ya yi yana kusa da wutata. Abin da nake son ji ke nan. Ya ba ni wasu saiwoyi ya ce in zuba a garwashi in lulluɓa da zane in shaƙa safe da yamma. Ka duba fa, mai ciwon hayaƙi aka haɗa da maganin hayaƙi, kuma na yi ta yi har ƙullin ya ƙare na koma na karɓo wani. Shekara biyu ban amsa sallamar Ɗanjuma da sakin fuska ba. In ya aiko mana da abincin suna, a kwata nake sa a zubar. Ranar da numfashina ya sarƙe a bakin tukuba na zube, kana makaranta, shi ne ya bar namansa a kan wuta ya ƙone, ya cicciɓe ni ya sa a tasi. Har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa fuskata. In jikinka ya fara yi maka wani iri, ka fara laluba aljihunka kafin ka dubi maƙwabci.

A asibiti wata likita 'yar kudu ce ta duba ni, mace mai ƙaramin jiki da kaifin baki. Bayan na farfaɗo ta ba ni wani bututu ta ce in hura iya ƙarfina. "Soufflez, papa! Encore! Encore!" Na hura har na ga taurari. Ta dubi abin da injin ya rubuta, ta tambayi shekaruna, na ce arba'in da tara. Ta ce in ba ta katina ta gani. Ta jujjuya shi ta ce, "Katinka ya ce arba'in da tara, huhunka ya ce ya haye saba'in. Wanne zan yarda da shi?" Nan take na sha jinin jikina, amma sai na ce a raina su ma an yanke musu albashi, so take ta tsorata ni ta rubuta mini magani mai tsada. Da ta tambaye ni taba, na ce, "Ni? Jamais, madam, ban taɓa ba. Hayaƙin soya ne, gashin tsire, sana'ata ke nan." Ta kama hannuna ta duba yatsuna, fes, har na fara jin daɗi. Sai ta ce, "Yatsunka sun tsaya maka shaida. Amma na duba ƙirjin masu soya da yawa. Hayaƙin itace yana yi musu illa, ba na musu, sai dai kai hayaƙi biyu ne a cikinka, kuma na biyun da kanka kake zuƙo shi har ƙasa."

Sai ta ja kujera ta yi mini bayani, ni kuma zan faɗa maka yadda na fahimta. Ta ce cikin huhu wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ne da ba su ƙirguwa, a nan iska take shiga jini. Bangon kowace jaka an gina shi da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. In ɗaya ta lalace, ta kusa da ita sai ta rabu biyu ta cike gurbin. Amma rabuwar nan tana da iyaka, kowace ƙwaya da rabonta, wanda ya kamata ya ishi mutum har tsufansa. Hayaƙin taba kullum yana ƙona su, kullum suna gyara, sai su cinye rabon shekara saba'in tun mutum yana da ƙarfinsa. In ƙwaya ta gaji, ba ta mutuwa ta ba da wuri, ba ta kuma aiki. Zama take yi tana fitar da wani abu da yake sa wurin ya kumbura, na kusa da ita su ma su tsufa da wuri. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Kamar ofisoshinmu na yanzu, papa. Mutum ya zo ya zauna, ba ya aiki, ba ya tashi, kuma ya hana na kusa da shi yi." Daga nan sai bangon jakunkunan ya riƙa yagewa, ƙanana su haɗe su zama manya masu saki, iska ta shiga ta ƙi fita. Ta ce, "Ba shaƙa ce take ba ka wuya ba, fitarwa ce, ko ba haka ba?" Haka ne kuwa, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Duk da haka ban yarda ba sai da na gwada da hannuna. Da na ji sauƙi na je Etudi, na sa aka ware mini huhu biyu, na ɗan bijimi da na wata tsohuwar saniya da haƙoranta suka zube. Na hura kowanne ta maƙogwaro yadda muke yi. Na bijimin ya tashi jajir, na danna da babban yatsa ya dawo, na saki ya fitar da iskarsa gaba ɗaya. Na tsohuwar ya tashi da ƙyar, inda na danna ya zauna a lotse, iskar ta tsaya a ciki sai da na matse. Shekara talatin ina wannan aikin. Ko an rufe mini ido, in na taɓa huhu zan gaya maka shekarun dabbar. Ban taɓa kawo wa raina cewa irin na tsohuwar nake ɗauke da shi ba. Na zauna a kan dutsen wasa wuƙa na yi ta kallon su har aka fara tambayata ko lafiya.

Za ka ɗauka daga ranar na bari. Ban bari ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ba ni kunya. Sai na koma wa irin tabar da ake cewa mai sauƙi ce, mai auduga a gindi, na ce wannan ba ta kai ciki. Wata biyar na ƙara ina yaudarar kaina, ina zuƙa da ƙarfi don in ji abin da na saba ji. Kada kowa ya sayar maka da wannan maganar, babu mai sauƙi a cikinsu. Abin da ya raba ni da ita a ƙarshe ba ƙarfin zuciya ba ne, tonon asirin kaina ne. Na je na sami Ɗanjuma na roƙe shi gafara, na gaya masa komai. Ya ce, "Haba Malam Garba, ai duk layin nan an sani." Na ce to tun da an sani, a taimake ni. Na je wurin mai tebur na ce ko na zo ina kuka kada ya sayar mini. Sati uku na yi ina faɗa da kowa, na ci goron da ban taɓa ci ba, innarka ta sha masifata ta haƙura. Ka tuna lokacin, kun ɗauka rashin ciniki ne yake sa ni hargagi.

Yau shekara biyu ke nan. Ɗanɗanon yaji ya dawo bakina, kakin asuba ya ragu. Numfashin dai bai dawo ba, kuma likitar ba ta ɓoye mini ba, ta ce abin da ya yage ba ya ɗinkuwa, sai dai tsufan da yake gudu ya koma tafiya. Amma na tambaye ta wani abu da na riƙe saboda ku. Na ce, in yaro ne fa, wanda bai daɗe da farawa ba? Ta ce wanda ya bari da ƙuruciya, ƙwayoyinsa ba su cinye rabonsu ba, yawancin abin da ya taɓu yana gyaruwa. Kai shekararka ashirin da ɗaya. In lissafina daidai ne, ba ka kai shekara da farawa ba. Ƙofar da ta rufe mini, kai a buɗe take maka.

Na rubuta wa kawunka takarda in ce ya sa maka ido, sai na yaga. In na sa shi gadinka, sabuwar dabara kawai za ka koya, kuma jinina ne kai, na san za ka iya. Kai nake so ka gaya masa da bakinka a makon farko, kafin ka yi abokai. Ka ce, "Kawu, ina sha, ina so in bari." Zai yi faɗa, ka haƙura, faɗansa ba ya kwana. In za ka rubuto mini kuma, kada ka cika takarda da wallahi da tallahi, don ba zan yarda ba, na san yadda ake yin su. In ka rubuta "Baba, ina fama", wannan zan yarda da ita, kuma zan fi kowa farin ciki.

Saura magana ɗaya. Yanzu da kake karatun nan ka riga ka ga ban raka ka tashar jirgi ba. Na ce maka nama zai iso daga Etudi, dole in tsaya in karɓa, na kuma ga yadda fuskarka ta canza. Babu wani nama. Shekaranjiya da kuka fita sallar la'asar na ɗauki jakarka don in gwada, na ce in kai ta bakin titi inda tasi yake tsayawa in dawo. Sau uku na ajiye ta kafin in kai kwanar masu ɗinki, a na ukun sai da na dafa bango, wata mata ta tsaya tana yi mini sannu. A tasha kuwa ga turereniya, ga doguwar tafiya zuwa tarago. Ban so abin da za ka gani na ƙarshe ta tagar jirgi ya zama ubanka a tsugune yana haki ba. Na so in ɗaukar maka jakar nan, Abba. Tun ranar da aka ce za ka tafi nake son haka, kuma na kasa, ina da shekara hamsin da ɗaya.

Ina so ranar da naka ɗan zai bar gida, kai ka ɗaukar masa tasa har cikin tarago, ka sauko kana yi masa faɗa da cikakken numfashi.

Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya raba ka da mugun aboki da muguwar kyauta, Ya sa albarka a abin da za ka nema. Allah Ya ba ka tsawon rai da lafiyar cin moriyarsa. Ka riƙe salla. Innarka tana sa maka albarka, ni ma na sa maka, ko zargina gaskiya ne ko ba gaskiya ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba mai tsire,
Birketeri, Yawunde.